Yadda za a fanshi hannun jarin mamaci a kamfanin gida ba tare da an tsinka zumunci ba

Kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinmu, Baffa ya shigo gida bayan la'asar da ambulan mai ruwan ƙasa a hannunsa. Ya gaida Hajiya daga bayan labule, domin tana cikin takaba, sannan ya zauna a kan dardumar da Baba ya saba zama ya sa aka kira ni da yayana.

"Ummi, ke ce kika karanta lissafi, karɓi ki duba. Wannan shi ne kason Yaya a kamfani. Tsakanina da Allah na yi shi, ban rage ko kwabo ba."

Na yarda da shi a ranar, kuma har yau na yarda bai yi niyyar cutar mu ba. Shi da Baba sun fi shekara talatin suna sayar da kwano da rodi da siminti a Ƙofar Ruwa, aljihu ɗaya, kwanon abinci ɗaya. Amma da na buɗe takardar sai na ga ya lissafa kayan da ke sito a kan kuɗin sari na bara, bai sa filin ajiya ba, bai sa bashin da ake bin 'yan kwangila ba. Kuɗin da ke asusun kamfani a banki kuwa ya cire su gaba ɗaya. Na ce, "Baffa, waɗannan fa?" Ya ce, "Ai da su za a biya ku. Yaya za a yi in lissafa abin da zai fita?"

Wannan amsar tasa ta cinye mana shekara huɗu tsakanin kotuna biyu, ta kuma hana 'ya'yansa zuwa bikin ƙanwata. Ni akanta ce, aikina ke nan, kuma tun daga lokacin nake zama da iyalai masu kamfani muna tsara abin da za a yi idan ɗaya ya riga ɗaya. Abin da zan faɗa a nan shi nake gaya musu. Ba zai ɗauke muku zuwa wurin lauya da malamin gado ba, amma za ku je kun san abin da za ku tambaya.

A fara sanin abin da aka mallaka

Kafin a yi maganar ko nawa ne, a ɗauko takardar rajista a karanta. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suna cewa "kamfaninmu" alhali sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. In haka ne, kaya da bashi da riba duk a wuyan masu shi suke kai tsaye, kuma rabon gado zai bi kayan ne. In kuwa kamfani ne cikakke mai hannun jari, a idon doka shi mutum ne mai zaman kansa, ba ya mutuwa don mai shi ya mutu. Tirela ta kamfani ce, sito na kamfani ne. Abin da mamaci ya bari hannun jari ne, kuma shi magada za su gada.

Wannan bambancin kaɗai ya isa ya hana rigima da yawa. Na ga gidan da aka zauna aka raba motocin kamfani tsakanin 'ya'ya kamar ana raba shanu, aka manta ƙanin mamaci yana da kashi 40 cikin 100 a kowace taya.

Sai a nemi rahoton matsayin kamfanin daga CAC a ga sunayen da ke ciki da kason kowa. Kafin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar, sai da mutum biyu ake kafa kamfani. Saboda haka Alhazai da yawa suka sa sunan uwargida ko babban ɗa don a cika sharaɗi. To kyauta ce aka yi musu, ko aron suna? Mai amsar yana raye yau, a tambaye shi ya rubuta, a sa shaidu. In ya rasu, kowane ɗaki zai kawo tasa fassarar. Haka kuma filin da ke sunan Alhaji amma kamfani ya yi gini a kai, da motar da aka saya da kuɗin kamfani amma takardunta na sunansa: a warware su yanzu.

Farashi, inda gizo yake saƙa

Nan zan daɗe, domin nan ake faɗuwa.

Akwai wata shari'a da aka yi a Amurka wadda nake ba kowane iyali labarinta, saboda sana'arsu irin ta gidanmu ce. Michael Connelly da ɗan'uwansa Thomas suna da kamfanin sayar da kayan gini mai suna Crown C Supply a birnin St. Louis na jihar Missouri. Michael na da kashi 77.18 cikin 100, Thomas na da 22.82. Ba sakarkaru ba ne, sun yi tanadi. A 2001 suka rubuta yarjejeniya cewa duk wanda ya fara rasuwa, wanda ya rage yana da zaɓin sayen kasonsa, in bai saya ba dole kamfani ya fanshe shi. Don kada a rasa kuɗin biya, kamfani ya yi wa kowannensu inshorar rai ta dala miliyan 3.5. Har hanyar sanya farashi suka rubuta: kowace shekara su biyun za su sa hannu a takardar da ke faɗin ƙimar kamfanin, in ba su yi ba a kira masu ƙiyasi daga waje.

Shekara goma sha biyu suka wuce, ba su taɓa sa hannu a wannan takarda ba ko sau ɗaya. Michael ya rasu a 2013. Ba a kira masu ƙiyasin ba. Thomas ya zauna da ɗan marigayi, suka daidaita cikin ruwan sanyi a kan dala miliyan 3. Kamfani ya karɓi kuɗin inshora ya biya, ragowar dubu 500 suka shiga harkar kasuwanci, Thomas ya zama mai kamfani shi kaɗai. Shi ne kuma wasiyyin dukiyar ɗan'uwansa, don haka shi ya cike takardar harajin gado ya rubuta cewa kason ya kai miliyan 3.

Hukumar haraji ta IRS ta ce ba ta yarda ba. Akantocin da aka ɗauko lokacin bincike sun yi wa kamfanin ƙimar miliyan 3.86, amma sun cire miliyan 3 ɗin inshora da hujjar cewa bashi ne a wuyan kamfani tunda da su za a fanshi kason. Maganar Baffa ke nan sak, sai dai da Turanci. Hukumar ta ce a ranar da Michael ya rasu kuɗin nan dukiyar kamfani ne, don haka ƙimarsa miliyan 6.86 ce, kason Michael kuma kimanin miliyan 5.3. Ta nemi ƙarin haraji dala 889,914. Aka biya, aka kai ƙara a dawo da su. Kotun tarayya ta gabashin Missouri ta ba gwamnati gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2023, sannan ranar 6 ga Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, alƙalai tara baki ɗaya.

Mai shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin, kuma misalin da ya kawo ko yaron shago zai gane shi. A ce kamfani bai mallaki komai ba sai tsabar dala miliyan 10, hannun jarinsa 100, wani na da 80 wani na da 20. Kowane hannu ɗaya ya kai dubu 100. In kamfani ya fanshi na mai 20 a kan miliyan 2, saura miliyan 8 da hannu 80, kowanne har yanzu dubu 100 ne. Babu wanda ya yi asara. Ashe alkawarin fansa ba bashi ba ne irin na banki ko na mai kawo kaya: kuɗi sun fita, amma kason wanda ya rage ya ƙaru daidai da su. Kotun ta bar ƙofa ɗaya a buɗe, wato idan fansar za ta tilasta wa kamfani sayar da kayan aikinsa har samunsa na gaba ya ragu, to wannan yana iya taɓa ƙima. Ban da haka, kuɗin da ke asusu a lissafa su.

A Najeriya gwamnatin tarayya ba ta karɓar harajin gado irin wannan, sai kuɗin da ofishin rajistar gado na babbar kotun jiha yake caja. To me ya shafe mu? Ku sake duba lissafin ta gefen magada. Kafin fansa, kason Thomas a cikin miliyan 6.86 bai wuce miliyan 1.57 ba. Bayan fansa ya mallaki kamfani mai ƙimar miliyan 3.86 shi kaɗai. Babu wanda ya ce ya yi zamba, da yardar ɗan marigayi aka yi, kuma ɗan baligi ne. Amma ku ɗauko wannan lissafi ku ajiye shi a gida mai mata biyu da yara goma sha ɗaya, huɗu ba su gama firamare ba. Giɓin da a can hukumar haraji ta gano, a nan daga bakin marayu yake fita. Duk mun san abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta ce a kan cin dukiyarsu.

Bari in sa shi a naira. A ce kamfani ya kai miliyan 100: kaya da kadarori miliyan 70, tsaba a banki miliyan 30. Mamaci na da kashi 60. Haƙƙin magada miliyan 60 ne. In aka yi lissafin Baffa aka ture miliyan 30 gefe, sai a ce kashi 60 na miliyan 70, wato miliyan 42. Miliyan 18 sun ɓace ba tare da kowa ya ji ya yi sata ba. Tumunin matar mamaci ya sauko daga miliyan 7.5 zuwa 5.25.

Akwai wani tarkon kuma da ya fi wannan muni. A takardar rajista za ka ga an rubuta hannun jari miliyan 1, kowanne naira 1. Wannan lambar rajista ce kawai, doka ma naira 100,000 ta ɗora a matsayin mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa. Na taɓa ganin an miƙa wa bazawara wannan takarda an ce mijinta naira dubu 600 yake da shi a kamfanin da sitonsa kaɗai ya fi ƙarfin miliyan hamsin. Duk wanda ya kawo muku wannan lambar a matsayin farashi, ko bai sani ba ne ko ya sani ƙwarai.

Ga abin da nake sa a rubuta. Ranar da za a yi ƙiyasi a kanta ita ce ranar rasuwa, ba ranar da aka ga dama ba. Mai ƙiyasi ya zama akanta mai lasisin ICAN ko ANAN (ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya) wanda ba shi ke riƙe da littattafan kamfanin ba, filaye da gine-gine kuma a ba ƙwararren mai ƙiyasin ƙasa. Magada su kawo nasu, masu kamfani su kawo nasu. In tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce a raba tsakiya, in ta yi yawa su biyun su zaɓi na uku, maganarsa ta zama yanke. A ambaci abin da zai shiga da sunansa: kaya a kan kuɗin kasuwa na ranar, bashin da ake bin mutane bayan an ware wanda ya mutu, tsabar banki, kuɗin inshora ko takaful (inshorar Musulunci) in kamfani ne zai karɓa, har da sunan shago da kwastomomin da suka saba da shi. A cire bashin gaskiya da ake bin kamfani.

Ban yarda da tsayayyen farashi ba, irin a rubuta yau cewa kason wane miliyan kaza ne ko yaushe ya rasu. Duk wanda ya sayi buhun siminti shekara biyar da suka wuce ya kuma saya bana ya san dalili. Ta fuskar addini ma abin dubawa ne: farashin da ya gaza ƙimar gaskiya ya zama kamar kyauta ce da za ta fara aiki bayan mutuwa, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran. A kai wa malamin da ya san gado daftarin ya gani kafin a sa hannu, kada a jira sai a gaban alƙali.

Wa zai saya, kamfani ko 'yan'uwa?

Mutane sun fi son a ce kamfani ya biya, domin ba daga aljihun kowa kuɗin suke fita ba a ido. Amma a ƙarƙashin CAMA hanyar ba gajera ba ce. Sashe na 184 zuwa 187 sun ba kamfani damar sayen hannun jarinsa, da sharuɗɗa: kundin dokokin kamfanin ya halatta, masu hannun jari su zartar da ƙuduri na musamman, hannun jarin ya zama an gama biyan kuɗinsa, a buga sanarwa a jaridun ƙasa biyu cikin kwana 7 bayan ƙudurin, daraktoci su yi rantsuwar cewa kamfanin zai iya biyan basussukansa su kai wa CAC cikin kwana 15 bayan sanarwar, masu bin bashi kuma suna da mako 6 su garzaya kotu su ce ba su yarda ba. Daga ribar da ta halatta a raba ake biya, ba daga uwar kuɗi ba. Abin da kamfani zai riƙe a ajiye na hannun jarinsa bai wuce kashi 15 cikin 100 ba.

Sashe na 186 shi ne wanda lauyoyi suke tsayawa a kai. Ya lissafa hanyoyin da kamfani zai saya: daga dukan masu hannun jari gwargwadon kason kowa, ko ta tsarin da kotu ta amince da shi, ko a kasuwar hannun jari, ko daga ma'aikatan da aka ba kaso. Sayen kason mutum ɗaya kaɗai a kamfanin gida bai dace da ta farko ko ta uku ba, don haka yawanci sai an bi ta kotu. In an gudu daga kotu an kuma koma kotu, ina amfanin?

Shi ya sa na fi ba da shawarar 'yan'uwan da suka rage su saya da sunansu. Ciniki ne tsakanin mutum da mutum, a cike takardar sauya mallaka, a biya kuɗin hatimi, a gyara rajistar masu hannun jari, a sanar da CAC. Kotun Ƙolin Amurka ma ta nuna wa 'yan gidan Connelly wannan hanya: da kowannensu ne ya yi inshora a kan ran ɗan'uwansa, da kuɗin sun tafi hannun Thomas kai tsaye ba su kumbura ƙimar kamfani ba. Ta kuma faɗi nauyinta, cewa kowa zai riƙa biyan kuɗin inshorar daga aljihunsa, kuma wani yana iya gazawa.

Sashe na 22 na CAMA ya ba kamfani mai zaman kansa damar rubutawa a kundinsa cewa ba a sayar wa bare sai an fara yi wa na ciki tayi. A rubuta shi. A kuma rubuta wa'adi, kamar kwana 90 bayan ƙiyasi, domin tayin da ba shi da wa'adi ɗaurin talala ne ga magada.

Wani abu da ake mantawa: ba dole ne a sayar ba. Wataƙila cikin 'ya'yan akwai wanda ya tashi a shagon, ya san dillalai, yana so ya ci gaba. A bar masa ƙofa ya riƙe kasonsa, masu son kuɗi su karɓi kuɗi. Malamai suna kiran irin wannan sulhu takharuji, wato magaji ya fita daga wata kadara ya karɓi madadinta da yardarsa.

Ina za a samo kuɗin

Yarjejeniyar da ba a tanadi kuɗinta ba takarda ce kawai. Masu ƙyamar inshorar gargajiya suna da takaful, wanda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar wa da ƙa'idoji a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A tambaya a rubuce: wa ke biyan gudummawa, wa zai karɓi kuɗin? In kamfani ne zai karɓa, sun shiga ƙima. In babu wannan, a tsara biya kashi-kashi: wani abu a hannu cikin wata uku don gida ya ci abinci, saura cikin shekara biyu ko uku, da jingina, kuma hannun jarin da ba a gama biya ba ya ci gaba da jawo wa magada ribarsa. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi mai wa'adi ta sauka, ba ta kuma ce ban da tsakanin wa da ƙani ba.

Ga 'yan'uwanmu masu kamfani a Amurka kuwa, hukuncin Connelly ya hau kansu kai tsaye. Tun 2005 lauyoyi da yawa suka riƙa gina yarjejeniyoyi a kan wani hukuncin kotun ɗaukaka ƙara, na shari'ar Blount, da ya ce a cire kuɗin inshorar. Wanda takardarsa ta girmi 2024 ya mayar wa lauyansa ita. A shekarar 2024 ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin ba ya biyan harajin gado sai dukiyarsa ta haura dala miliyan 13.61, amma wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba can yake zaune ba, rangwamensa dala 60,000 ne kacal a kan kadarorinsa na can, har da hannun jari a kamfanin Amurka. Harajin yana kaiwa kashi 40 cikin 100.

In an riga an yi rasuwar

Yawancin masu zuwa wurina a wannan hali suke zuwa, babu yarjejeniya, babu komai.

A makon farko a ƙirga kayan sito a gaban wakilin magada, kowa ya sa hannu a kowane shafi. A karɓo bayanan asusun banki na ranar rasuwa. A ɗauki hoton littafin bashi, shafi bayan shafi. Ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga baffan da zai ci gaba da zama a shago, domin bayan shekara biyu shi za a ce ya kwashe. In mamacin ne kaɗai ke sa hannu a cak, daraktocin da suka rage su zauna su naɗa wani, kuma zai fi kyau a haɗa da mutum ɗaya daga ɓangaren magada.

Sannan a bi tsarin da shari'a ta ɗora: kuɗin jana'iza, bashin mamaci, wasiyya, sai gado. A nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, domin sashe na 179 na CAMA ya ce wakilin mamaci na doka shi kaɗai kamfani zai sani a matsayin mai haƙƙi a kan kason. Magada suna da haƙƙin riba tun daga lokacin, amma ba su da ƙuri'a a taron kamfani sai an shigar da sunansu a rajista. A wannan tsakanin ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa: a ƙara yawan hannun jari, wanda ya rage ya saye sababbin, kashi 60 ya wayi gari ya koma 20. A riƙa duba rahoton CAC a kai a kai har a gama.

Wanda zai saya kada ya zama shi ne mai sayarwa. Thomas Connelly ya riƙe duka biyun, kuma a gidajenmu kusan kullum haka ake yi, domin baffa ne babba, shi ake miƙa wa amanar yara. In mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba ya cikin magada, amma shi ne mai sayen kason, saboda haka ba shi zai sa hannu a madadin marayu ba. Alƙali ya naɗa wani, ko aƙalla ya duba cinikin ya amince. In akwai mai juna biyu cikin matan, a mazhabarmu ta Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. Ni kuma roƙona, kada a kai wa mace takarda ta sa hannu tana cikin takaba. Wata huɗu da kwana goma ba za su rusa kamfani ba. Hajiyarmu da an miƙa mata alƙalami a ranar nan da ta sa hannu, don kunyar ƙanin mijinta kawai.

In abin ya ƙi, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin mu shekara guda muka ɓata a kan wannan kaɗai. Wane ne magaji, nawa ne rabonsa, kyautar nan ta inganta ko ba ta inganta ba, wannan na kotun shari'ar Musulunci ne, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kai. Amma duk abin da ya shafi tafiyar da kamfani a ƙarƙashin CAMA, sashe na 251 ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya. A can, sashe na 353 zuwa 355 na CAMA sun ba wakilin mamaci damar kai kukan danniya, kotu kuma tana iya ba da umarni a sayi kason a kan ƙimar gaskiya. Kafin a kai nan a gwada sulhu. Kano tana da zauren sulhu a ƙarƙashin babbar kotun jiha, kuma tun 2023 akwai dokar tarayya ta sasanci da sulhu da ke ba abin da aka cimma ƙarfi. Masu rubuta yarjejeniya yanzu su sa wannan matakin a ciki.

Tamu ma a sulhu ta ƙare. Wani dattijo abokin Baba ne ya zaunar da mu a zaurensa, ya sa aka ɗauko mai ƙiyasin da kowa ya yarda da shi. Da aka karanta sakamakon Baffa ya yi shiru mai tsawo yana murza carbinsa, sannan ya ce, "Ummi, da Yaya ya rubuta min yadda zan yi, wallahi da haka zan yi." Ya biya cikin shekara biyu, bai saɓa ko wata ɗaya ba.

Yanzu yayana da babban ɗan Baffa suke riƙe da shagon, rabi da rabi. Kowace shekara, satin da ake rufe littafi, nakan je Ƙofar Ruwa da fayil. A rufe sito a ƙirga bandir-bandir na kwano da tan-tan na rodi, a kira banki, a fitar da lamba ɗaya a rubuta a shafi guda. Su biyun su sa hannu, limamin masallacin layin da wani maƙwabcin shago su shaida, matan kowannensu kuma a aika musu da kwafi gida. Ba ya cin fiye da yini ɗaya. Ta bana ita ce ta shida a cikin fayil ɗin.